Wuƙar Aljihu Mai Haƙora Da Mai Baki Sumul: Aikin Kowacce Da Yadda Ake Wasa Ta

A daminar bara na tsaya a bakin kasuwar Sabon Gari ta Zariya ina jiran a sauke mini buhunan masara daga wata mota da ta taso daga Giwa. Ruwa ya daki kayan a hanya, igiyar nailan da aka ɗaure tamfol da ita ta jiƙe, ƙullin ya cije, hannu ya kasa kwance shi. Yaron mota ya zaro 'yar wuƙarsa ta aljihu mai baki sumul, ya ɗora a kan igiyar yana ta gurzawa, igiyar kuwa sai zillewa take yi a ƙarƙashin kaifin. Wani dattijo cikin masu dako ya matso ya ce, "Ɗana, ja baya in gani." Ya buɗe tasa mai haƙora, ja biyu, igiya ta rabu. Ba a jima ba dattijon ya sayi lemo a wurin wata yarinya, ya dubi wuƙarsa, ya mayar da ita aljihu, ya ce wa yaron, "Ara mini taka in fere." Yaron ya miƙa masa da hannu biyu yana cewa, "Ga ta, Baba."

Tun ranar nake son in rubuta wani abu a kan waɗannan wuƙaƙe masu ninkewa, domin ina ganin mutane suna sayensu da ido. Mai haƙora ta fi ban tsoro, ta fi kama da kayan aiki na gaske, sai a ɗauke ta. Bayan wata uku ta dakushe, a rasa yadda za a yi da ita.

Yanka iri biyu ne, kuma daga nan komai ya taso. Akwai wanda ake tura kaifi ya shiga cikin abu kai tsaye, kamar fere lemo, feƙe fensir, aski, ko rage kaurin fata a wurin baduku. Akwai kuma wanda ake jan wuƙa a kan abu tana tafiya tana ci, kamar yanka igiya, burodi, tiyo ko bakin buhu. Baki sumul shi ne sarkin yankan turawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai lemo a Kwangila ko Tudun Wada ya ga haka: lemon yana juyawa a hannun hagu, babban yatsa yana tokare, ɓawon yana sauka zare ɗaya bai tsinke ba, farin ciki kuma bai huje ba. Wuƙa mai haƙora ba za ta yi wannan ba ko da a hannun gwani ne, domin kowane haƙori yana barin sawunsa, ya kama nan ya saki can.

Ita mai haƙora sirrinta biyu ne. Na farko, ƙarfin hannunka ba ya bazuwa a tsawon ruwan wuƙar, yana taruwa ne a kan 'yan tsinayen da suka taɓa abin, don haka suna hudawa nan take. Da sun huda, zaren igiyar ya faɗa cikin ramin da ke tsakanin haƙora biyu, ba shi da wurin gudu, sai kaifin da ke cikin ramin ya datse shi. Abin da ya gagari yaron mota ke nan: nailan yana da santsi, in ya jiƙe ya ƙara, kaifin sumul wanda ya ɗan dakushe bai sami wurin kamawa ba. Na biyu, in wuƙar ta sauka a kan faranti ko ƙarfe ko siminti, tsinayen ne kawai suke shan wahala, kaifin da ke cikin ramuka yana ɓoye bai taɓa komai ba. Shi ya sa take daɗewa tana yanka. Amma a lura, ko bayan ta dakushe tana ci gaba da raba abu, sai dai a lokacin yaga take yi, mai ita yana zaton yanka ne. Wanda ya taɓa yankewa da ita ya san bambancin, domin ciwonta ba ya haɗuwa da wuri kamar na aska.

Haƙora a jikin kayan yanka ba sabon abu ba ne a wurinmu, ga zarto, ga lauje mai haƙora da ake yankan shinkafa da ciyawa. Abin da yake sabo shi ne ɗora su a kan wuƙar aljihu, kuma kamfanin da ya yaɗa wannan shi ne Spyderco na garin Golden a jihar Kolorado ta Amurka, wanda Sal Glesser ya kafa a 1976. Tarihin kamfanin yana da abin lura. Kafin ya ƙera wuƙa ko ɗaya, mawashi yake sayarwa. A 1978 ya fito da Tri-Angle Sharpmaker, sandunan tangaran masu kusurwa uku da ake kafawa a tsaye, waɗanda gefensu yake iya shiga tsakanin haƙora. Sai a 1981 ya fitar da wuƙarsa ta farko mai ninkewa, mai suna Worker, da ramin da ake buɗe ta da babban yatsa da maƙalin aljihu. A 1982 aka yi Mariner mai haƙora, don masu aikin jirgin ruwa da ke fama da igiya kullum. Tsarin haƙoransu shi ne babban rami ɗaya, ƙanana biyu, a maimaita har ƙarshe, kuma akasarin masu haƙoran da ake shigo mana da su daga Sin wannan tsarin suke kwaikwayo.

Wato a can mawashin ne ya riga wuƙar zuwa. Mu nan wuƙar ce ta iso, ta baro mawashinta a baya. Ka zaga teburan masu kayan koli a Sabon Gari ko Samaru, za ka ga wuƙaƙe masu haƙora birjik, amma da wuya mai teburin ya nuna maka abin wasa su. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ba mafi yawan mutane shawarar su sayi mai baki sumul.

Mai baki sumul kowa yana iya kula da ita, kuma tsofaffin wuƙaƙen aljihu da suka yi suna duk haka suke. Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890, mai mariƙin katako. Okapi, mai zoben da ake ja a saki sakata, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Da dutse da ruwa kawai ake rayar da su shekara da shekaru.

Ga yadda nake yi, kamar yadda na koya a wurin kawuna wanda ya yi wanzanci a cikin birni. Da farko ka riƙe wuƙar a rana, kaifin yana kallon sama. In ka ga wani siririn layi yana ƙyalli a kan bakin, nan ne ya dakushe, domin kaifi mai kyau ya fi ƙarfin ya mayar da haske. Ka jiƙa dutsen. Sai maganar kusurwa, wadda ita ce mutane suka fi kuskurewa. Wuƙar aljihu tana son kamar digiri 20 a kowane gefe. Ba sai da ma'auni ba: tsayar da ruwan wuƙar a kan dutse, wannan 90 ke nan, kwantar da shi rabi ya zama 45, sake kwantarwa rabi ya zama 22 da ɗoriya, ka ɗan ƙara sassautawa kaɗan, ka iso. In ka kwantar fiye da haka kaifin zai yi siriri, ya yi daɗin yanka amma ya riƙa giɓi. In ka ɗaga fiye da haka zai yi ƙarko amma ya zama kamar na gatari. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne hannunka ya tsaya a kusurwa ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai koyo ya shafa baƙin maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, a bakin wuƙar, ya goga sau uku, ya duba. Inda baƙin ya goge, nan dutse yake ci. In ya rage a can bakin kaifin, ka kwantar da yawa.

Ka ci gaba da gefe ɗaya, daga gindi har tsini, har sai ka ji wani ɗan siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen. Kawuna leɓe yake ce masa. Ana jin sa ne in an shafa yatsa daga bayan wuƙar zuwa bakin, a sauka a waje, kada a kuskura a bi tsawon kaifin. Fitowar leɓen nan a duk tsawon bakin ita ce shaidar cewa washi ya kai ƙarshe. Mutane da yawa suna juya wuƙa tun bai fito ba, su yi ta goge kafaɗar kaifin, su gaji su ce ƙarfen ne ba shi da kyau. In ya fito sai ka juya, ka yi wa ɗaya gefen haka, sannan ka riƙa sauyawa ɗaya nan ɗaya can, kana rage nauyin hannu har ya zama kamar shafa. Daga ƙarshe sai fata. Tsohon bel ya isa, ko guntun ƙirgi daga wurin dukawa. A kan fata baya ake ja, kaifin yana biye, in ba haka ba ka yanke ta. Ina tuna kawu yana taka bakin fatar da ƙafa, ya ja ɗaya bakin da hagu, askar tana kai da komo tana wani sauti mai laushi, ya ɗaga ya gwada a gashin hannunsa, ya ce mini, "Kai yaro, dutse yana yin kaifi, fata ce take wanke shi."

In babu dutse a kusa, juya kofin tangaran ka duba gindinsa. Zoben nan da ba a shafa wa ƙyalli ba mawashi ne mai kyau don tayar da kaifin da ya ɗan kwanta.

Akwai wani abu da masu gardamar haƙora da sumul suke tsallakewa, alhali shi ne ya fi amfani. Babu kaifin da yake sumul da gaske. Kowane dutse yana barin 'yan ƙananan haƙora da ido ba ya gani, girmansu daidai kaushin dutsen. Duwatsun kanti da samfefa suna da lamba: 400 mai kaushi ne, 1000 matsakaici, 3000 zuwa sama mai laushi. In ka tsaya a 400 ko 600, ka cire leɓen a hankali ba tare da ka goge bakin ya yi ƙyalli ba, wuƙarka mai sumul za ta kama igiya da fatar tumatir kusan kamar mai haƙora. In ka haura 3000 ka bi da fata, ta zama ta aski da fira, amma a kan igiyar nailan sai ta riƙa zamewa. Ashe mai wuƙar sumul yana da zaɓi a hannunsa, kowane washi yana iya sauya mata hali. Ni tawa a 600 nake tsayawa, domin yawancin abin da nake yanka kwali ne da leda da bakin buhu. Da yaron motar nan ya san haka, da bai nemi taimako ba.

Yanzu mai haƙora. Ka juya ta ka duba sosai, za ka ga gefe ɗaya kawai aka sassaƙa ramukan, ɗaya gefen a shafe yake. Wannan ne ma ya sa in kana yanka abu mai kauri da ita take karkacewa gefe. Dokar washinta daga nan ta fito: gefen da aka sassaƙa kaɗai ake wasawa, kuma rami-rami ake bi. Shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga rami, tsinayen kawai zai cinye, wato ainihin abin da ya sa ta zama mai haƙora.

Abin da aka tanada don wannan aiki siririyar sanda ce ta tangaran ko ta ƙarfe mai ƙurar daimon, mai kauri a gindi tana sirancewa zuwa tsini, yadda kowane rami zai sami inda ya yi daidai da shi. Wanda bai samu ba, ya je wurin masu sayar da kayan fentin mota ya sayi samfefa mai lamba 400 da 800, irin wadda ake jiƙawa. Ya naɗa ta a jikin fensir ko biro don manyan ramuka, a jikin ƙusa don ƙanana. Sharaɗin shi ne kaurin sandar ya cika ramin daidai. In ta yi siriri za ta haƙa kwari a tsakiya, in ta yi kauri za ta cinye tsinayen gefe biyu. Ka shafa baƙin maka a cikin ramukan, ka kwantar da sandar daidai da gangaren da kamfani ya sassaƙa, wanda yawanci ya fi na wuƙar sumul kwanciya, ka tura a hankali sau huɗu ko biyar, ka taɓa baya ka ji ko leɓe ya fito. Ya fito, ka wuce rami na gaba. Kada ka zauna a rami ɗaya ka zurfafa shi fiye da 'yan'uwansa. Bayan ka gama duka, ka kwantar da shafaffen gefen a kan dutse mai laushi, kusan kwance ɗungurungum, ka shafa sau biyu ko uku don leɓen ya faɗi. Iyakar abin da ake yi wa bayan ke nan. Aikin yana cin lokaci, wuƙa mai ramuka 20 tana iya cinye maka rabin awa, sai dai ba kullum ake yi ba.

Na san zafin rashin sanin wannan. Akwai wata mai haƙora da wani abokina ya kawo mini tsaraba, ina ji da ita ƙwarai. Da ta dakushe na miƙa wa wani mai injin washi da ke bi unguwa-unguwa, na shiga gida ɗauko kuɗi. Kafin in fito ya gama. Ya ɗora ta a kan dutsen injin ta gefe biyu kamar wuƙar mahauta, haƙoran sun zama 'yan tudu marasa kai, tsinin kuma ya yi shuɗi. Raina ya ɓaci matuƙa, ko da yake bawan Allah abin da ya saba yi ya yi, adduna da wuƙaƙen girki yake wasawa, ba a taɓa nuna masa wannan ba. Shuɗin nan shi ne ya fi haƙoran ciwo. Maƙeri yana taurara ƙarfe ne ta hanyar gasa shi ya tsoma a ruwa ko mai, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada ya riƙa karyewa. In inji ya zafafa bakin wuƙa har ya fara yin ruwan ɗorawa, an taɓa wannan tauri. In ya kai shuɗi, zafin ya kusa digiri 300 a ma'aunin Salsiyas, wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Ko mai sumul za ka bayar a inji, ka tsaya a wurin, ka roƙi mai aikin ya sassauta hannu ya riƙa tsoma ta a ruwa.

Akwai masu rabi-da-rabi, haƙora a gindi, sumul a gaba. Su ne suka fi yawa a kasuwa, ni kuwa ba sa burge ni. A ruwan wuƙa mai tsawon santimita 8, in an raba biyu, haƙoran ba su isa a ja su da kyau ba, sumul ɗin ma bai isa fira ba. Sannan gindin wuƙa, kusa da hannu, nan ne mutum ya fi iko da ita wajen feƙe abu, sai ga shi nan aka zuba haƙora. Victorinox, kamfanin Suwizalan da Karl Elsener ya kafa a 1884, ya juya tsarin a wuƙar da ya yi wa sojojin ƙasarsu samfurin 2008: haƙora a gaba, sumul a gindi. A ganina wannan ya fi hankali.

To wa ya kamata ya riƙe mai haƙora? Direban babbar mota da yaransa, masu dako, masu ɗaurin kaya a tasha, mai noman rani a bakin kogin Galma da ke yankan tiyo, da duk wanda yake son ajiye wuƙa a mota saboda haɗari, domin bel ɗin kujera irin saƙar da haƙora suke datsewa nan da nan ne. Ɗalibi, tela, baduku, mai shago, magidanci mai yanka rake da mangwaro wa yara, duk sumul ce tasu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wuri ɗaya ne ba na sassautawa, shi ne yanka dabba. Lokacin layya ko suna, ko kaza ce za a yanka a gida, kada a kusanto da mai haƙora. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya kyautata, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Haƙora suna kama gashi da fata suna ja, dabbar tana shan azaba kafin a kai ga jijiya. Wuƙar aljihu ma gaba ɗayanta ta yi gajarta ga rago, doguwa mai sumul ake nema, a wasa ta tun da dare, ba a gaban dabbar ba. Fiɗa ma haka, haƙori ɗaya ya isa ya huda fatar da za a sayar.

Kasancewarta mai ninkewa yana da nasa haƙƙin. Bayan kowane washi ka wanke mahaɗar da ruwan wuƙar yake juyawa a kai, domin garin dutse in ya shiga nan yana cin ƙarfen a hankali har wuƙar ta fara girgiɗi. Ƙurar hunturu da zaren aljihu su ma suna cika ramin sakata su hana ta kamawa sosai. Tsinken sakace, tsohon buroshi, da ɗigon man keken ɗinki ɗaya sun wadatar. Wadda ba ta da sakata kuwa, kada a yi huda da ita ko a murɗa ta cikin abu, rufewa take yi a kan yatsu. Baƙin ƙarfe irin na Okapi yana saurin ɗaukar kaifi amma yana tsatsa da damina, ruwan lemo da na tumatir suna baƙanta shi, sai a riƙa share shi a bushe. Wanda ba ya tsatsa, sinadarin kuromiyam ne aka zuba masa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi kuma leɓensa ya fi naci wajen cirewa, musamman a masu araha. Kuma saboda halin da ake ciki na tsaro da ta'asar 'yan sara-suka, a bar ta a wurin aiki ko a jakar kayan aiki in za a shiga taro ko makaranta, in tafiyar jirgin sama ce a sa ta a jakar da za a auna.

Waccan wuƙar tsarabar ban jefar da ita ba. Na kai wa kawu, ya juya ta a hannu ya ce, "Haƙoran sun tafi, amma akwai sauran ƙarfe." Ya zauna da dutse mai kaushi da kwanon ruwa, yammaci biyu yana ci a hankali, har ya shafe ragowar tudun ya wuce inda ya yi shuɗi, ya fitar mata da sabon baki sumul. Ta rage faɗi, in an ninke ta tsinin yana ɗan leƙowa daga mariƙin, don haka ta daina shiga aljihu. Tana cikin kwandon kicin yanzu, da ita uwargida take yanka kuɓewa.